Bangon Gidan Makama

Bayan girbin masara, wani dattijon magini daga Maska ya kai jikansa Gidan Makama a Kano. Yaron ya tsaya gaban sulke da tsoffin ƙyamaren ƙofofin birni. Kakan kuwa sama ya ɗaga kai, yana ƙirga azara, yana bin lanƙwasar bakan gizo da ido.

An ce a nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Turawa ma sun yi ofis a ciki bayan sun ci birnin a 1903. Duk gidan ya ga bayansu, domin ginin ƙasa damina kaɗai yake tsoro, kuma kowane zamani an sami masu yaɓe shi, waɗanda ba a rubuta sunansu ko'ina ba.

Abin da ya dami dattijon ke nan. Tun da Sarkin Maska ya koma Funtuwa ruwa ke cin ragowar ganuwar garinsu, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya iya kwaɓa makuba. Ya kamo hannun yaron zai ɗora a bango, sai mai gadi ya yi gyaran murya: "Baba, ba a taɓawa."