Idan zare ya cukurkuɗe a ƙasa, a fara duba sama

Duk mai keken ɗinki a gida ta san wannan ƙarar: keke na tafiya lafiya, sai ya yi gurnani, allura ta kafe a cikin yadi. A ɗaga atamfar, a tarar da zare ya dunƙule a ƙasa kamar taliyar da ta kwana. Nan take sai a zaro shatil a hau murɗa ɗan sukurun da ke jikinsa, wai zaren ƙasa ne ya saki.

Galibi ƙazafi ake yi wa zaren ƙasa. Tulin nan na sama ne. Kafin ya kai ga allura, zaren sama yana ratsa tsakanin wasu faifai biyu na ƙarfe da ke matse shi, waɗanda teloli ke kira tenshin. Faifan suna buɗewa idan an ɗaga ƙafar keke, su rufe idan an sauke ta. Wadda ta zura zare ƙafa na ƙasa, zaren ya bi ta bakinsu ne kawai bai shige ba, don haka babu abin da zai riƙe shi, duk rarar sai ta zube ƙarƙashin yadi. Haka ma idan ya suɓuce daga ƙarfen nan mai hawa da sauka a goshin keke. Gwajin ba wuya: a sauke ƙafa, a ja zaren da yatsu. In ya taho salin-alin ba turjiya, a zare shi gaba ɗaya, a ɗaga ƙafa, a sake zurawa daga farko. Sukurun shatil kuwa a bar shi ya huta.

Idan ya riga ya cije, fizgar yadi ita ce babbar ɓarna, domin tana lanƙwasa allura, wani lokacin ta gusar da taimin, wato daidaituwar tafiyar allura da shatil, kuma shi taimin sai makaniki. A kashe wuta, a yanke zaren da reza, a cire allura, a kwance farantin da ke ƙarƙashinta. Abin da ake tararwa tsakanin haƙoran keke, musamman lokacin hunturu, na da ban mamaki: burbushin yadi da ƙura sun daskare. Tsohon burushi ya isa. Mai kuma, man keke ake ɗigawa, ban da man gyaɗa, wanda ke yin danƙo in ya daɗe.

Masu keke mai kwamfuta su kuma lambar da ke fitowa a allo ce ke tsinka musu zuciya, alhali yawanci tunatarwa ce. A Brother CS6000i, alal misali, E1 na nufin an taka feda ba a sauke ƙafa ba. E3, an zaɓi ɗinkin ramin maɓalli amma ba a jawo sandarsa ƙasa ba. E6 ita ce mai ɗan nauyi: zare ya naɗe, moto ya tsaya, sai a share kamar yadda aka faɗa. Lambar da ta fara da F ce ke neman mai gyara. Kowane kamfani da nasa lambobin, kuma keken gwanjo ba kasafai yake zuwa da littafinsa ba, amma Brother da Singer duk suna sanya littattafan a intanet kyauta. Wadda ke da tsohon Butterfly baƙi ba ruwanta da wannan, kunnenta ne allonta.

Akwai haɗari ɗaya da allo ba ya gargaɗi a kai. Keken da aka ƙera don kasuwar Amurka yawanci wuta 120 yake ɗauka, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. Kafin a soka filogi, a karanta rubutun da ke jikin keken. In an ga 120, sai an haɗa da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ƙonewa zai yi tun kafin a yi ɗinkin farko.