Baƙo a Mashayar Ƙauye

Wata ranar Lahadi cikin hunturu, wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a arewacin Ingila ya tsinci kansa a ƙofar gidan da bai taɓa zaton ƙafarsa za ta taka ba. Dattijon da ya ba shi hayar ɗaki, tsohon makiyayin tumaki daga yankin Kambiriya, shi ya gayyace shi cin abincin rana a ƙauyensu, kuma sai da suka iso ya gane cewa a mashaya za a ci. Ginin na dutse ne, ƙofarsa gajera, ga allo mai hoto yana lilo a bisanta. Al'adar rataya irin wannan allo tsohuwa ce, domin tun a 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su sa alama a ƙofarsu.

Ɗalibin ya yi turus. Musulmi ne, bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma a garinsu ganin mutum a irin wannan wuri ya isa ya zubar masa da mutunci. Amma juyawa daga bakin ƙofa cin fuska ne ga dattijon da ya yi jinyarsa mako guda lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ce, "Baba, ka dai san ba na sha." Dattijon ya ce, "Na sani, ɗana. Abinci na kawo ka ci, kuma ina so ka ga mutanena."

A ciki babu kiɗa, babu hayaniya. Wuta na ci a murhu, wani kare ya miƙe a gabanta, tsofaffi na wasan domino, iyali guda kuma har da ƙananan yara sun kewaye faranti. Ba a zuwa tebur a tambayi baƙo abin da yake so. Shi ne zai je kanta ya faɗa, ya biya. A can ya ga mai gidan tana jan wani dogon mariƙi kamar mai buga famfo, giya na hawowa daga ɗakin ƙasa zuwa kofin da ke cin mililita 568.

Dattijon ya bayyana masa cewa wannan ita ce suke kira giya ta gaskiya. Ba a tace ta ƙwarai, ba a dafa ta don kashe yis ɗin da ke cikinta, ba a kuma cusa mata iskar gas. Tana ci gaba da nuna a cikin ganga, a sanyin da ya kama daga digiri 11 zuwa 13, kuma da zarar an buɗe gangar sai a shanye cikin ƴan kwanaki, in ba haka ba ta yi tsami. Manyan kamfanoni sun kusa kawar da ita, shi ya sa a 1971 aka kafa ƙungiyar CAMRA don kare ta. Ɗalibin ya saurara da kyau, sannan ya karɓi lemon citta.

Da aka zo batun abinci, ya tambayi mai dafuwa dalla-dalla, ita kuma ba ta ɓoye masa komai ba. Naman ba yankan Musulmi ba ne, ƙullun da ake soya kifi da shi kuwa an kwaɓa shi da giya. Ta kawo masa miyar dankali da ganyen albasa, da burodin da ta gasa da safe, da cuku.

Matsalar ta taso ne daga baya. Al'adar wurin ita ce kowa a tebur ya sayo wa kowa abin sha bi da bi, kuma wanda aka saya wa bai rama ba, ana ganinsa marowaci. Mutum uku suka yi nasu, aka zo kansa. Sayen giya ga wani haramun ne a gare shi kamar shanta, zama shiru kuma rowa ce. Ya tashi ya je kanta, ya yi magana da mai gidan ƙasa-ƙasa. Can sai ga faranti huɗu na wani kek mai ɗumi da ake yi da dabino, an kwarara masa narkakken sukari. Ya ce, "Iyayena, giya ba zan iya saya muku ba, amma dabino namu ne." Aka yi dariya, aka ci, ba wanda ya sake ta da zancen.

A nan hira ta koma kan abin da ke damunsu. Kantin ƙauyen ya rufe, gidan waya ma haka, wannan gida kaɗai ya rage inda tsohon da matarsa ta rasu zai zauna ya ji muryar mutane. Ga shi an sa shi a kasuwa, suna tsoron a mai da shi gidan kwana na masu hutu. Suna fatan su yi koyi da mutanen Hesket Newmarket, waɗanda suka haɗa kuɗi a 2003 suka sayi tasu mashayar mai suna Old Crown.

Ɗalibin ya tuna fadar unguwarsu a Damagaram, inda ake kewaye butar shayi har dare, kuma wanda bai zo ba kwana biyu sai an bi shi gida. Ra'ayinsa game da giya bai sauya ba, kuma bai tabbata zai sake shiga irin wannan gida ba. Amma a hanyar komawa, ya tambayi dattijon ko za su buƙaci mai taimaka musu rubuta takardun neman tallafi, domin wannan aikin ya iya shi.