Tsoro Iri Biyu A Kasuwar Gwal Da Canji

Yau zan ɗan yi tsokaci ne kan sana'ar gidanmu, wato gwal da canjin kuɗi, da yadda tsoron mutane ke juya ta. Mahaifina mutumin Maraɗi ne, tun yana saurayi ya zo Jos, mu kuwa a nan aka haife mu. Ni dai iyakata sakandare, ɗan abin da na sani a gaban sikeli na koye shi.

Kowa kan ce idan hankali ya tashi gwal ke tashi. Gaskiya ne, amma rabinta. A yadda na lura tsoron iri biyu ne, kuma ba wuri ɗaya suke kora mutane ba.

Akwai tsoron da ke zuwa a hankali, na ganin naira tana narkewa a hannu. Shi ne ke cika mana shago. Farashin gwal a Jos ba mu muke yanke shi ba, lissafi ne na abu biyu: kuɗin oza ɗaya a Landan, wato giram 31.1, da kuɗin dala a kasuwar bayan fage. Alal misali, idan oza tana dala 2,000, giram ya kama kusan dala 64 ke nan. Da dala tana naira 750, kamar yadda ta koma bayan Babban Banki ya saki farashi a watan Yuni 2023, tsantsar giram ɗaya wajen naira 48,000 ne. A Fabrairun 2024 dala ta haura 1,800, sai giram ɗin nan ya wuce 115,000 alhali a Landan kusan bai motsa ba. A makonnin nan har masu kuɗin adashe sun zo neman 'yan kunne, ba don kwalliya ba.

To a irin wannan lokaci Baba ba ya yarda naira ta kwana a hannunsa. Abin da aka sayar da safe, kafin la'asar ya mayar da shi gwal ko dala ko sefa. Kuma yana buɗa tazarar da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa, har wata Hajiya ta ce masa, "Haba Alhaji, jiya fa ba haka ka ce ba." Ya ce, "Hajiya, jiya na san nawa zan sayo wani, yau ban sani ba." Mutane na ɗauka haɗama ce. Ni a ganina tazarar nan ita ce awon tsoron ɗan kasuwa, in ka ga ta yi faɗi to shi ma a tsorace yake.

Waɗanda suka shigo a ƙarshen rububin su suka ji jiki. Zuwa Afrilun 2024 dala ta sauko kusan 1,100, wanda ya saye ta a 1,800 ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Mai gwal ya ɗan fi shi sauƙi, domin a daidai lokacin oza ta haura dala 2,300, sai tashin can ya toshe masa wani ɓangare na faɗuwar nan.

Ɗaya tsoron kuwa mu mutanen Jos mun san shi fiye da yadda muke so, wato na farat ɗaya. Rikicin Satumbar 2001 da gobarar Kasuwar Taminus ta Fabrairun 2002 labarinsu nake ji a bakin manya, na 2008 da na 2010 ina yaro, amma dokar hana fita ta Agustan 2021 da wayona. A irin waɗannan ranaku ba mai neman gwal. Kowa tsabar kuɗi yake so, na mota zuwa Bauchi ko Kano, na buhun masara. Sai ka ga an buɗe gari mata na fitowa da sarƙa da awarwaro, masu sayarwa goma mai saye ɗaya, farashi ya faɗi ko da me Landan ke faɗi. Dalilin da ya sa Baba kullum yake ware wani kaso na jari a tsabar kuɗi ke nan, ko da naira na zubewa. Yakan ce mai zuwa da sarƙar aurenta ba a ce mata ta dawo gobe, kuma ba a karya mata farashi don an ga idonta.

Abin mamaki, manyan kasuwannin duniya ma haka suke. A Maris 2020, da korona ta firgita kowa, gwal ya faɗi da fiye da kashi goma cikin ɗari a 'yan kwanaki, saboda masu hannun jari na sayar da komai su riƙe dala. Da ƙura ta lafa, tsoron ya koma na yawan kuɗin da gwamnatoci ke bugawa, sai a watan Agusta oza ta ƙetare dala 2,000 karo na farko.

Mu 'yan Nijar muna da mafaka ta uku, sefa, tunda a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Sa'o'ina sun yarda da ita ido rufe. Baba dai bai manta Janairun 1994 ba, da aka raba darajarta biyu a dare ɗaya. Sannan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sa an rufe iyaka har Maris 2024, ga sefa da daraja amma hanyar kai wa 'yan'uwa ta yi wuya.

Tun da oza ta haura dala 4,000 a Oktoban 2025, masu kawo tsohon gwal sun fi masu saye yawa a wurinmu, iyayen amare kuma sun koma giram biyu ko uku inda a da suke ɗaukar goma. Baba ya rage kayan da yake ajiyewa a shago, ya daina ba da gwal bashi ko na kwana ɗaya, duk abin da ya saya kuma ba ya cika mako bai tura shi Kano ba.