Rigar Mahayin Dokin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ya san cewa Bahaushe ba ya hawa doki da kayan zaman gida. Akwai wando kamun ƙafa, wanda aka tsuke bakinsa don kada ya sarƙe a likkafa. In yaƙi za a, ga lifidi da aka ɗinke da auduga, ga sulke, ga kwalkwali. Wato tun kaka da kakanni mahayi yana da tufarsa ta musamman. To, me ya sa da muka sauka daga doki muka hau babur, sai muka bar wannan hikima a barga?

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ku dubi titi. Za ku ga dattijo bisa Jincheng ya naɗe babbar riga ya cusa a cinya, gefenta na lilo dab da sarƙa. Za ku ga ɗan acaɓa bisa Bajaj da asubar hunturu, ya ɗora rigar gwanjo kan wata, ya rufe hanci da ƙyalle, ƙafa kuwa sai silifa. In tsautsayi ya gitta, gwiwar hannu da kafaɗa su ne ke fara gaisawa da kwalta. Yayana ya yi shekara shida yana kabu-kabu, tabon da ke damtsensa har yau bai ɓace ba.

A Turai da Amurka an daɗe da mayar da wannan bukata sana'a. Kamfanin Schott na birnin New York ya fitar da rigar fata mai zif ta mahaya babur a shekarar 1928, daga baya finafinai suka sa ta zama alamar ƙungiyoyin mahaya a duniya. Amma fa an yi ta ne don ƙasar sanyi. Wanda ya sa ta a Sakkwato cikin watan Afrilu, kafin ya kai kasuwa ya dahu. Abin takaici ma, fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun zamanin fatauci ta Sahara, har ake kiranta fatar Maroko, alhali mu masu akuyar ba mu yi wa mahayanmu ko majanyi da ita ba.

Wannan ne ya sa a dogon hutun da ya wuce na haɗa ɗan abin da na tara da rancen da gwaggona ta ba ni, na sayo kaki mai kauri a Kantin Kwari, na sami wani tela da wani baduku a unguwarmu. Mun ɗinka riga goma sha biyu. Tsawonta bai wuce cinya ba, an tsaga gefe kamar 'yar shara don iska ta ratsa. A kafaɗa da gwiwar hannu mun cusa auduga mun tsaga ta da ɗinki irin na lifidi, baduku ya lulluɓe da fata. Akwai aljihun canji mai zif a ƙirji, da ƙyalle mai ɗaukar hasken fitila a baya saboda tafiyar dare. Kuma da yake direbobinmu da 'yan acaɓa ba su rabuwa da rubuta kirari a jikin abin hawa, kowa muka bar shi ya zaɓi abin da za a ɗinka masa. Wani ya ce "Sai Haƙuri", wani ya ce a sa sunan mahaifiyarsa kawai.

Ba na ruɗin kaina cewa kasuwar mai sauƙi ce. Kowa ya tuna shekarar 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano, yadda wasu suka kifa ƙwarya da robar fenti a ka, fasinja kuma suka ƙi hular don tsoron asiri. Abin da aka ɗora wa mutane da tara, da dabara suke kauce masa. Sannan tun da Kano ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013, babbar kasuwa ta rufe, sai dai ƙananan garuruwa, da malaman makaranta, da masu kai saƙo. Uwa uba, mutumin da zai biya mai babur balas kowace yamma, ya sha mai, ya kai cefane, da wuya ya fifita rigata a kan ta gwanjo mai rabin kuɗinta. Da na yi wa wani tallar, cewa ya yi, "Ɗan makaranta, riga tana hana ajali ne?" Na ce ba ta hanawa, amma ai sarakunan da suka fi mu tawakkali sun sa lifidi. Ya yi dariya, bai dai saya ba.

Cikin goma sha biyun an sayi bakwai, biyu daga ciki bashi. Gwaggo tana jiran kuɗinta bayan kaka. Tela ya ce in mun gama jarrabawa mu yanka kashi na biyu kafin hunturu ya kama, sai dai har yanzu muna gardama da shi a kan audugar baya: shi yana so a ƙara don kariya, waɗanda suka sa rigar kuwa sun ce a rage, zafi ya yi yawa.