Gwagwalada: Ka tsaya a gada ka leƙa Kogin Usuma

Idan tafiya ta bi da kai hanyar Abuja zuwa Lokoja, kada ka wuce Gwagwalada a guje. Ka tsaya kusa da gada, ka sauko ka leƙa Kogin Usuma. Zafi ne zai fara tarbar ka, don garin a kwari yake. Shi ya sa da rana ta take za ka ga yara tsamo-tsamo cikin ruwa, mata na wanki a gefe, masu haƙar yashi na loda tifa.

Ruwan nan daga madatsar Usuma ya gangaro, can kusa da Ushafa a yankin Bwari, inda ake tace ruwan famfon da Abuja ke sha. A can ana tsaron sa. Da ya bar madatsar kuwa, shi ke nan, ya zama marar gata. Ya ratsa Kubwa, ya kwashi ruwan kwata da ledoji da shara, ya iso nan, sannan ya nufi Kogin Gurara.

Yaran nan masu ninƙaya su suka fi tsaya mini a rai, saboda tsargiya. Idan mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar kan ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗi, su hayayyafa, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai yaro ya sha ba, wanka kaɗai ya isa. Har yau akwai iyayen da ke ɗaukar jini a fitsarin yaro a matsayin alamar balaga. Cuta ce, kuma idan ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a garin nan yake, ga ƙananan asibitoci.

Sai amai da gudawa. A 2021 kwalara ta ɓarke a Babban Birnin Tarayya, Gwagwalada na cikin wuraren da ta taɓa. Kai da kake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ka taɓa tambayar inda suka ɗebo?

Kafin ka koma mota, dubi gaɓar kogin. An sare itatuwan da ke riƙe ƙasa, an tura gine-gine har bakin ruwa, shara ta toshe magudanai. Da damina ta kankama sai kogin ya nemi hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane, ya haɗa masai da rijiya.

Da rani kuma manoma kan ja ruwan nan su shayar da alayyafo da tumatir. Idan ka saya a bakin titi, ka gaya wa uwargida ta wanke su da ruwa mai tsabta, ta dafa ganyen ya nuna sosai.