Katin tawul a otal-otal ɗin Deira

A Deira, tsakanin Naif da Baniyas, inda 'yan kasuwarmu ke yada zango in sun je Dubai saro kaya, otal da yawa na ajiye wani ɗan kati a banɗaki. Hoton koren ganye ne, sai rubutu: in ka rataye tawul, ka yarda ka sake amfani da shi, in ka yar a ƙasa, za a canza maka. Wai don a kare muhalli.

Alhazanmu da hajiyoyinmu ba su cika ɗaukar katin nan da daraja ba. Wanda ya wuni yana tayi a kan dirhami biyu a kasuwar Naif, ai ba da hoton ganye za ka burge shi ba. Tambayarsa ɗaya ce: kuɗin wankin da aka rage, aljihun wa ya shiga? Kuɗin ɗaki dai bai sauka ba, ga harajin baƙi na dirhami 7 zuwa 20 duk dare. Kuma ba su suka fara wannan zargi ba. Tun a 1986 wani Ba'amurke mai rajin kare muhalli, Jay Westerveld, ya soki irin wannan kati, ya ce neman riba ce aka shafa wa koren fenti.

Sai dai a Dubai katin na da tasa gaskiyar. Garin ba shi da kogi, ruwan saman da ake samu a shekara ba kasafai yake wuce milimita 100 ba. Kusan duk ruwan da ke fitowa a famfon otal daga teku aka ɗebo shi, aka cire masa gishiri a manyan masana'antu irin na Jebel Ali, ana ƙona iskar gas. Ke nan bokitin wanki a can wuta ce da kuɗi. Mu da muka san farashin jarka a hannun mai garuwa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Abin da ke ratsa baƙo shi ne wanda ya gani a ƙasa. A 2022 aka ƙaddamar da shirin Dubai Can, aka kafa wuraren cika gora kyauta a cikin gari, a 2024 kuma aka hana ledar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Otal ɗin da ya sa na'urar ruwan sha a kowane hawa maimakon sayar maka da ƙananan robobi, ba ya buƙatar wa'azi. Ka rage kashe kuɗi, shara ta ragu. Katin ƙofa mai ɗauke wutar ɗaki in ka fita kuwa, a watan Agusta da zafi ke haura digiri 40, da yawa sai su cusa wani kati a ramin don na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da aiki. Ban ga laifinsu sosai ba, ko da yake ɗakin da babu kowa ake sanyayawa tun safe har isha'i. Abin haushin ma, ka rataye tawul ɗinka kamar yadda aka roƙa, ka dawo ka tarar an canza shi. Nan ka san katin ado ne.

Akwai kuma wadda katin bai ambata ba: mai gyaran ɗakin, wadda sau da yawa daga Nepal, Filifin ko Yuganda ta zo ci-rani, kamar yadda mu ma muka baro gida. A Amurka, kamfanin Marriott ya taɓa ba wa baƙi tukuici in sun haƙura da gyaran ɗaki. A yajin aikin 2018 ma'aikatansa suka koka cewa shirin ya rage musu kwanakin aiki, ga ɗakin da ya kwana uku ba shara ya fi wuyar gyara. Don haka in za ki kwana goma a Deira, Hajiya, ki tambayi yarinyar da ke tura amalanken zannuwan gado ɗaki nawa take gyarawa a rana, kuma yaushe rabonta da hutu.