Numfashin Fijon Baba

Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, 'yan'uwana suka yanke shawarar a sayar da motarsa ga masu sayen tsohon ƙarfe. Peugeot 504 ce, wadda duk zangonmu na Kumasi ke kira Fijon Alhaji, samfurin da Faransa ta fara fitarwa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa shi a Kaduna. Hujjarsu ba ta da abin kushewa: in an tayar da ita sai ta yi ta kakkarwa, da an ɗaga ƙafa daga totur kuma ta mutu. An canja fulogi, an wanke kafireto har sau biyu, duk a banza. Na roƙi a ba ni mako guda.

Na je Suame Magazine na nemo wani dattijon bakanike, fita kamar yadda muke cewa a nan, wanda ya yi wa Baba aiki shekara da shekaru. Bai taɓa sufana ba. Ya ɗauki guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, yana zagaya kafireton da ɗaya bakin.

"Ɗana, zo ka saurara."

Na ji wani siririn huci, kamar na mai barci.

Ya yi mini bayani a tsanake. Inji yana zuƙar iska ta kafireto, wanda aikinsa auna fetur daidai da iskar da ta ratsa shi. A jikin kafireton, ƙirar Solex, akwai ɗan bututun tagulla. Daga nan siririn tiyon roba ke kai wannan zuƙa ga distiribita don wuta ta riƙa zuwa da wuri. Robar ta bushe ta tsage, bututun kuma ya yi lako-lako a raminsa, sai iskar da ba a auna ba ta riƙa satar hanya, fetur ya kasa mata. Wankin kafireto ba ya maganin wannan, ko sau goma aka yi.

Ya zare bututun, ya goge shi, ya shafa masa ɗan gam, ya mayar da shi da bugun ƙotar sukudireba a hankali, domin jikin kafireto ba ya jure guduma. Sabon tiyon kuwa sai da ya tsoma bakinsa a ruwan zafi ya yi laushi kafin ya zura. Ya sa ni na tsotsi ɗaya bakin, muka ga farantin cikin distiribita ya motsa. Na tofar da ɗacin mai, shi kuwa yana ta dariya.

Da na murza makulli, injin ya zauna lumui, da irin sautin nan da ke sanar da mu Baba ya dawo daga kasuwa. Na miƙa kuɗi, dattijon ya karɓi na roba kawai.

"Sauran tsakanina da Alhaji ne."

Yayana yana tsaye a bakin zaure yana saurare. Can ya ce in je da ita masallaci ranar Juma'a, sa'an nan a sake zama.